'Yan matan da rikici ya koro zuwa Agege da Ajegunle: halin da suke ciki da abin da za mu iya yi



Ni haifaffiyar Agege ce, aure ya kai ni Ajegunle, kuma na daɗe ina karantar da 'yan mata a wata Islamiyyar yamma a unguwarmu. Abin da ya sa na yi wannan rubutu wata ɗalibata ce 'yar shekara 13, wadda iyayenta suka baro wani ƙauye a yankin Sabon Birni bayan 'yan bindiga sun tashe su. Yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma na lura duk wata sai ta ɓace kwana biyar ko shida. Na yi faɗa, na aika a kira uwarta, ba ta zo ba. Ran nan bayan an tashi sai na tsayar da ita na ce, "'Yata, zo nan. Me ke hana ki zuwa makaranta?" Ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana murza bakin hijabinta, sannan ta ce, "Malama, zanena ɗaya ne. In abin ya zo ba ni da na canji, in kuma na wanke ƙyallen babu inda zan shanya, maza ne cike da tsakar gidan."

Wallahi ranar kunya ta rufe ni. Wata huɗu ina yi mata kallon malalaciya, ashe zane da audugar mata ne suka tsaya tsakaninta da karatu. Tun daga nan na fara sa ido, sai na gane irinta suna da yawa a cikinmu, muna wuce su kullum a bakin famfo da bakin kasuwa ba mu san abin da suka baro ba.

Daga ina suke fitowa?

Na farko su ne mutanen Arewa maso Gabas. Rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri a watan Yulin 2009, ya kuma raba mutum sama da miliyan 2 da gidajensu. Shekarar 2014 ta fi kowace muni. A daren 14 ga Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 daga sakandaren Chibok, a watan Agusta Gwoza ta faɗa hannun mayaƙan, Bama da Michika da Mubi suka biyo baya, sannan aka afka wa Baga a Janairun 2015. A lokacin ne muka fara ganin iyalai suna sauka a Legas da ƙullin kaya. Da yawansu ma ba Hausawa ba ne. Akwai Kibaku, akwai Margi, akwai Barebari, akwai mutanen duwatsun Gwoza, Musulmi da Kirista. Amma a nan Ikko duk wanda ya fito daga Arewa sunansa Bahaushe, kuma Hausar ce ta haɗa mu da su.

Na biyu su ne waɗanda 'yan bindiga suka kora daga Zamfara, gabashin Sakkwato, Birnin Gwari da ƙananan hukumomin Katsina irin su Batsari, Jibiya da Faskari. Tun daga 2019 dubun-dubatar mutane suka tsallaka jihar Maraɗi ta Nijar, wasu suka cika Gusau da Katsina da Sakkwato, wasu kuma suka bi 'yan uwansu 'yan ci-rani zuwa Kudu. Sace 'yan mata 279 daga sakandaren Jangebe a ranar 26 ga Fabrairun 2021 ya sa an rufe makarantu da dama, kuma iyaye da yawa ba su sake mayar da 'ya'yansu mata ba ko da aka buɗe. Shi ya sa za ku ga yarinya ta zo nan da shekara 14 alhali karatunta ya tsaya a aji uku na firamare.

Na uku su ne waɗanda ruwa ya ci, kamar a ambaliyar 2022 da ta shafi mafi yawan jihohin ƙasar nan, da fashewar madatsar ruwa ta Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024.

Kada kuma mu manta, a nan Legas ɗin ma ana tashin mutum. Manyanmu suna tuna rikicin Idi-Araba na Fabrairun 2002, ƙananan ma sun ga na Mile 12 a Maris ɗin 2016. Ga gobara, ga rusau, ga mai gida ya ƙara kuɗin haya. Iyali ɗaya sai su yi gudun hijira sau biyu ko uku, sau ɗaya daga ƙauye, sauran a cikin gari.

Me ya sa ba a ganin su?

In aka ce ɗan gudun hijira, abin da ke zuwa zuciyar mutum shi ne tanti da layin karɓar abinci a Maiduguri. A Agege da Ajegunle babu wannan. Maigida ne ke fara zuwa, galibi a bayan tirelar shanu mai zuwa mayankar Oko-Oba ko motar kayan gwari mai zuwa Mile 12. In ya samu abin yi, acaɓa ko gadi ko garuwa ko dako a Apapa, sai ya aika iyali su biyo. Su sauka a ɗakin ɗan garinsu, ko a shagon da ba a gama ginawa ba, ko a rumfar bayan kasuwa.

Wannan karɓar baƙi ai gadonmu ne. Zangon Agege da kansa haka ya kafu: fataken goro suka zauna, layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, kowa ya zo sai ya nemi mai masauki. Abin alfahari ne. Sai dai yana da wani gefe da ba mu cika dubawa ba. Ƙidayar 'yan gudun hijira da hukumar IOM ke fitarwa ta ta'allaƙa ne ga jihohin Arewa, kuma tallafin ƙungiyoyin agaji yana bin ƙidaya ne. Wanda ya narke cikin unguwa a Legas ba ya cikin lissafin kowa. Gwamnatin jiharsa tana ganin ya tafi, ta nan kuma tana ganin ɗan ci-rani ne. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan kare waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin ƙasarsu, ta kuma amince da manufar ƙasa kan 'yan gudun hijira a 2021, kuma babu inda aka ce sai wanda ke sansani ne ke da haƙƙi. Amma haƙƙin da ba a san mai shi ba, wa zai kai masa?

Sannan aka zo aka hana acaɓa. A Fabrairun 2020 aka taƙaita ta, daga 1 ga Yunin 2022 aka haramta ta gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya aka ƙara wasu ƙananan hukumomin. Duk gidan da babur ke ciyarwa ya ji a jikinsa, kuma na ga da idona a kan wa nauyin ya fara sauka: 'yar gidan da ta fara tasawa.

Me ya sa 'yan mata masu tasowa musamman?

Masu aikin agaji suna ware 'yan shekara 10 zuwa 19 a matsayin rukuni na daban, kuma na yarda da su. Ƙaramin yaro kowa na tausayinsa, ana yi masa rigakafi, ana ba shi abinci. Babbar mace tana da bakin magana, tana shiga adashi, tana zuwa asibiti. Ita kuwa wadda ke tsakiya ta wuce a goya ta, ba ta kai a saurare ta ba. Ga abubuwan da na fi gani.

Wurin kwana. Mutum takwas ko goma a ɗaki ɗaya, a irin gidajen hayar nan masu ɗakuna suna kallon juna, banɗaki ɗaya na gida duka, wani lokaci ma na biya ne a waje. Yarinyar da ta girma a ƙauye cikin gida mai zaure da katanga, yanzu sai ta ratsa gaban samari goma da bokiti kafin ta yi wanka. Da yawansu sukan ƙi shan ruwa da yamma don kada fitsari ya tashe su da dare.

Talla. Fiya wata, gyaɗa, fura, abinci a tashar tireloli. Ita ce ke kawo kuɗin cefane, don haka ba a tambayar inda ta je ko wa ya saye kayan duka a lokaci ɗaya. Ba ta jin Yarbanci, ba ta jin Turancin Buroka, ba ta san hanya ba. Ga shi talla a manyan titunan Legas laifi ne a dokar jihar, in aka kama ta uwar ma tsoron zuwa nemanta take yi.

Aikatau. Wata mata za ta zo ta ce wata Hajiya a Ikoyi ko Festac na neman yarinya mai natsuwa. Kuɗin aikin dillaliya ke karɓa, iyaye su ga wani abu ko kada su gani. Riƙo al'adarmu ce mai kyau, ni kaina a hannun gwaggona na tashi, amma riƙon gaskiya ana sanin gidan, ana kai ziyara, yarinya tana zuwa makaranta. In uwa ba ta san ko sunan unguwar da 'yarta take ba, wannan ba riƙo ba ne.

Auren rage baki. Ba aure nake suka ba, ni ma matar aure ce. Abin da nake nufi shi ne wanda ake ɗaurawa saboda tukunya ta gaza, a ba wanda ba a san asalinsa ba don ya biya kuɗin haya. Na ga irinsa ya mutu cikin wata shida, miji ya koma Arewa ko ya canza unguwa, yarinya ta dawo ɗakin da ta baro da ciki. Jikin da bai gama ƙosawa ba in naƙuda ta yi tsawo, ana iya ƙarewa da yoyon fitsari. Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina ko sashen masu wannan lalura a asibitin Murtala na Kano ya san abin da nake faɗa.

Ciwon da ba a gani. A watan Disamba, lokacin da yaran Legas ke fasa banga, wata ɗalibata 'yar yankin Gwoza ta shige ƙarƙashin benci tana rawar jiki, sai da muka yi da gaske ta fito. Wata ta daina magana, wata tana fitsarin kwance da girmanta, wata tana firgita cikin barci. Mu kan ce iska ce. A yi addu'a, wannan babu laifi, amma a sani cewa wanda ya ga an kashe mutum a gabansa zuciyarsa na ɗaukar rauni kamar yadda jiki ke ɗauka, kuma ana maganinsa.

Abin da doka ta ba su a Legas

Da yawanmu muna zaune a nan kamar baƙin da ke tsoron a ce su tashi, shi ya sa ba ma tambayar haƙƙinmu. To ga kaɗan daga ciki.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro ɗan Nijeriya. Ba ta ce sai ɗan asalin jiha ba. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta fito a 2003, Legas ta yi tata a 2007, kuma a ƙarƙashinta duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, aurar da shi laifi ne a wannan jihar. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, ya kamata ya san a ƙarƙashin wace doka yake kwana. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai 12 ba aikin gida, ta kuma haramta sa kowane yaro aikin da zai cutar da shi.

Ina za a je?

In an yi wa yarinya fyaɗe, abu na farko asibiti ne, kuma cikin awa 72, domin a cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga cutar ƙanjamau ke aiki. Kada a tsaya zaman sulhu kwana uku su wuce. Cibiyar Mirabel da ke cikin asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, wadda aka buɗe a 2013, tana duba irin waɗannan kyauta kuma cikin sirri. Jihar tana da hukumar DSVA mai kula da cin zarafi a gida da na lalata, lambar gaggawa ta jihar kuma 767 ce ko 112.

Don rashin lafiya da awon ciki akwai Babban Asibitin Ajeromi a Ajegunle da na Orile-Agege, ga ƙananan cibiyoyin lafiya a unguwanni. Tun Oktoban 2023 aka shigo da allurar rigakafin cutar sankarar bakin mahaifa kyauta ga 'yan mata, aka fara da 'yan shekara 9 zuwa 14, sai a tambaya a cibiyar lafiya mafi kusa. Ga masu firgita da damuwa, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen yara da matasa a Oshodi. Zuwa can ba ya nufin yarinya ta haukace.

Takardu kuwa, yawancin waɗanda suka gudo ba su fito da ko ɗaya ba. Ana yin takardar haihuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, suna da tebur a sakatariyar ƙaramar hukuma. A yi wa yarinya lambar NIN da wuri, don tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da ita. Wadda karatu ya yanke mata saboda aure ko haihuwa, gwamnatin jihar tana da sakandare ta musamman a Agboju da aka buɗe domin irinsu, ma'aikatar mata ta jihar kuma tana da cibiyoyin koyon sana'a.

Ba zan ɓoye muku ba, ba kullum ake samun sauƙi ba. Na taɓa kai yara uku wata makaranta aka maido mu sau biyu, yau a ce takarda, gobe a ce babu gurbi. A karo na uku na tafi da wata maƙwabciyata Bayarabiya da wani dattijo daga fadar Sarkin Hausawa, aka karɓe su. Uwar da ba ta jin yaren gari ba za ta iya wannan zirga-zirgar ita kaɗai ba. Rakiya kawai take buƙata.

Abin da za mu iya yi da hannunmu

Mu ba baƙin wannan aiki ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793, tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Ita ma yarinya ce da yaƙi ya tasa daga gida. Da ta girma sai ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana horar da jajoji, manyan mata amintattu, suna bin ƙauyuka suna tara mata suna karantar da su, ciki har da waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita. Abin da ƙungiyoyin agaji ke yi yau a sansanoni, wato ware wa 'yan mata wuri nasu da babbar mace mai jagorantarsu, kusan shi ne wannan. Ga abin da nake ganin ya fi ƙarfin surutu.

Na ɗaya, a san su. Kowane Sarkin Hausawa da mai unguwa da limami ya sa mata biyu amintattu su rubuta 'yan matan da suka zo gudun hijira a yankinsa: shekarunta, daga ina, tana makaranta ko ba ta yi, wa ke riƙe da ita. Littafin ya zauna a hannun matan, kada ya zama abin yawo a WhatsApp. Da wannan lissafin ne za a iya tunkarar ƙaramar hukuma ko Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Ƙasa da magana mai nauyi.

Na biyu, kowace Islamiyya ta ware awa biyu a mako na 'yan mata zalla, babu namiji ko ɗaya. A koya musu karatu da rubutun boko da lissafi, a koya musu gaisuwa da ciniki da neman taimako da Yarbanci da Turanci, a yi musu bayanin jinin al'ada da tsafta ba tare da kunya ba. Yarinyar da ta kai 14 ba za ta yarda ta zauna aji biyu da 'yan shekara 7 ba, amma in aka yi mata wata shida na cike giɓi za ta iya shiga ajin da ya fi dacewa da ita. A buɗe ƙofar ga 'yan uwanmu Kiristoci na Chibok da Michika, ko a haɗa kai da cocinsu, don wutar da ta kore su ɗaya ce.

Na uku, akwatin audugar mata. A Islamiyyarmu mun ajiye kwali a ɗakin malamai mata, duk wadda ta samu hali ta jefa fakiti ɗaya ko sabulu ko zane. Mai buƙata ta ɗauka, ba a rubuta suna. Telolinmu mata kuma za su iya ɗinka ƙunzugun da ake wankewa a sake amfani da shi.

Na huɗu, a duba tukunyar gidan. In ka ce wa uwa ta cire 'yarta daga talla ba ka ba ta madadi ba, ka yi aikin banza. Alhazanmu na Mile 12, Oko-Oba, Alaba Rago da 'yan canji, in za ku fitar da zakka ku tuna da waɗannan iyayen. Ƙaramin jari na ƙosai ko wankau ko kitso a hannun uwa, da sharaɗin yarinya ta zauna a makaranta, ya fi buhun shinkafar da za a raba a ɗauki hoto. Ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN, wadda ke aiki tun 1985, da ƙungiyoyin 'yan jiha-jiha da muke da su, za su iya riƙe amanar.

Na biyar, ku maza. Baba, Yaya, Malam, mai cutar da yarinyar nan sau da yawa ba baƙo ba ne, wanda muke sallah sahu ɗaya da shi ne. In aka kama shi sai a ce a rufa asiri kada a ɓata sunan Hausawa. Asirin wa ake rufawa? Yarinyar da ta tsere wa bindiga ta zo hannunmu amana ce, kuma duk wanda aka yi wa sulhu yau gobe wata zai nema.

Na shida, a tambaye su. Da na tara ɗalibaina na ce kowa ta faɗi abin da ta fi so, na zaci za su ce keken ɗinki. Ɗaya ta ce sakata a ƙofar banɗaki. Wata ta ce fitila a lungun da ke zuwa famfo. Wata ta ce, "Malama, ni dai a bar ni in gama aji shida." Sakatar da fitilar, maigidana da abokansa suka saka a yini ɗaya.

Ita kuwa ɗalibar tawa ta Sabon Birni, zane biyu muka saya mata, muka ɗaura igiyar shanya a bayan ɗakin wata tsohuwa inda maza ba sa bi. Tun daga lokacin ba ta sake fashi ba, bana kuma ta shiga aji biyar a makarantar gwamnati. Mahaifinta har yanzu yana maganar komawa gida in an samu lafiya, muna kuma roƙon Allah Ya kawo ranar. Kafin nan dai a hannunmu take.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ya duba gidan da yake haya da layinsu. In akwai yarinyar da ta zo daga inda ake rikici, ya sa matarsa ko ƙanwarsa ta zauna da ita ta ji ko tana zuwa makaranta, da kuma abin da ya hana in ba ta zuwa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Wassalamu alaikum.